Matar da Ta Kayar da Masu Katako

"Mama, ajiye kwakwar nan ki zo! Na samo!"

Jerolin ce ta ƙwala kiran, har matan layin masu rogo a kasuwar birnin Honiara suka waiwayo. Tana zaune a kan buhun dankali, waya a hannu. Tun safe take laluben rumbun shari'o'i na intanet, inda ake tara hukunce-hukuncen kotunan tsibiran nan. Ta rubuta "daji", shari'o'i suka zubo ba iyaka. Ta ƙara "katako", ta ƙara "gadon uwa", sai guda ɗaya ta tsaya mata a ido.

Mahaifiyarta Salome ta goge hannu ta matso. Jiya jirgin ruwa ya sauke ta daga tsibirinsu na Isabel. A tsibirin, ƙasar gado mallakar mata ce, daga uwa take sauka kan 'ya. Amma ƙaninta Dudli ya zauna da wani kamfanin katako, ya sa hannu a kan dajin kakarsu, ya dawo gida da sabon injin kwalekwale. Ba wanda ya tambaye ta. Kukan injin yankan itace ne ya ba ta labari.

"Wata mata ce, Etel Rovana," in ji Jerolin. "Ita ma ɗan'uwanta ne ya sa hannu. Ta kai ƙara. Mama, ta ci!"

"Ta ci wa? Kamfanin?"

"Kamfanin da ɗan'uwan duka! Alƙali ya ce sa hannun namiji ɗaya ba ya sayar da ƙasar da mata ke riƙe da ita."

Marita, mai sayar da abarba a tebur na gaba, ta leƙo. "Ke 'yar nan, ba aikin jinya aka turo ki koyo ba? Yaushe kika zama lauya?"

"Yau ɗin nan, Anti. Kuma ban karɓar kuɗin shiga."

"Sake karanto min wurin nan," in ji Salome. "A hankali."

Jerolin ta sake. Salome ta buga tafi ta saki wata dariya da rabon 'yarta da jin irinta tun kafin a fara saran dajin. Ta ɗaga hannu ta shiga taka rawa a tsakanin tebura. Mata suka kewaye ta da ihu.

"A gaya wa Dudli ya dafa injin nan nasa ya cinye!" in ji Marita.

* * *

Da yamma suka je wani shago kusa da tashar jiragen ruwa don a buga hukuncin. Salome ta tsaya a ƙofa tana ta tsara yadda za a yi: za ta tara matan dangi bayan an tashi daga coci, a karanta a gaban dattawa, Dudli yana zaune.

A ciki, takardu na fitowa da ɗuminsu, Jerolin ta ɗauki shafin farko. Ɗazu don ɗoki ta tsallake shi, ta tafi kai tsaye ƙarshen hukuncin. Yanzu ta ga shekarar da aka shigar da ƙarar: lokacin ita tana firamare. Ta ga shekarar hukunci: bara. A gefen sunan Etel Rovana an rubuta marigayiya, jikarta ce ta ƙarasa shari'ar. Can ƙasa alƙali ya nuna takaicinsa cewa kamfanin ya riga ya gama sara ya tafi.

Jerolin ta mayar da shafin can ƙarƙashin sauran, ta fito.

"Ki nemo min lambar Etel ɗin nan," in ji Salome, idanunta na walƙiya. "Ina da tabarmar da na saƙa, ita zan aika wa. Mace ke nan!"

"To, Mama."

Salome ta karɓi takardun, ta naɗe su a leda don kada ruwan teku ya taɓa su, ta rungume a ƙirji. A bayanta wani jirgin ruwa maƙare da gumaguman itace yana ficewa a hankali.