Ɗaliban Malam na Jamus

Tun da ciwon ƙafa ya hana Malam Abdulƙahhar zuwa masallaci, zaurensa ya mutu. Tabarmar da a da ba ta isar masu ɗaukar karatu, yanzu kyanwa ce ke miƙe ƙafa a kanta. Mutanen unguwar Zongo ta Lome ba su da mugunta, lokaci ne ba su da shi. Kowa zai ce gobe yana nan tafe, goben kuma ta same shi a kasuwar Adawlato yana ciniki.

'Yarsa Khaulat, mai gyaran kwamfuta a wani shago kusa da babbar kasuwa, ita ta buɗe masa shafi a intanet. Da safe yakan yi karatu, ta naɗa a waya, ta ɗora. A gefen shafin ta sa taswirar duniya, duk wanda ya shiga sai jan ɗigo ya fito a ƙasarsa. Aka kwana aka tashi ɗigo ɗaya ne, a Lome, shi ma nata ne. Malam yakan duba, ya miƙa mata wayar bai ce komai ba, shirun nan kuwa shi ta kasa jurewa.

Akwai wata hanya a intanet da masu son ɓoye sawu suke bi. Saƙon mutum zai ratsa kwamfutocin da bai sani ba, ya ɓulla a wata ƙasa da adireshin da ba nasa ba. Khaulat ta zauna ta rubuta wa tsohuwar kwamfutar shagonsu 'yan layukan umarni: ta nemi sabon adireshi, ta tabbatar ya canja, ta shiga shafin Malam ta kunna karatu, ta ɗan dakata, ta sake. Ta tura ta ƙarƙashin tebur ta bar ta tana ta yi.

Washegari taswira ta yi ja kamar an barbaɗa barkono. Jamus, Holan, Faransa, sai kuma Jamus ɗin, don a can mafitar hanyar ta fi yawa.

"Ikon Allah," in ji Malam, ya kawo wayar daf da hancinsa. "Kumasi ba su zo ba, Kano ba su zo ba, sai Jamus?"

"'Yan'uwanmu ne da suka tafi neman abinci, Baba."

Ya gamsu. Daga ranar sai da aka riƙa goge masa babbar riga kafin karatu, ko da yake murya kaɗai ake ɗauka. Ya koma cin tuwo har da neman ƙari. Bayan kowace salla yana yi wa ɗalibansa na ƙasar sanyi addu'a, Khaulat tana cewa amin.

Da damina ta kankama tari ya kama shi, irin mai zama a ƙirji. Likita ya duba ya ce huhun ya gaji, doguwar magana ta ƙare, in ba haka ba kada a ce bai faɗa ba. Malam ya ji ya kaɗa kai, gari na wayewa ya sa aka kawo masa littafi.

"Mutane sun bar aikinsu suna jirana," ya ce. "Ni da nake kwance a gida ne zan ce na gaji?"

Ran nan Meimuna, uwar Khaulat, ta tare ta a bakin murhu, ta buɗe mata hankicin Malam. Akwai jini.

"Ke da kika san hanyarsu, ki roƙe su su ba shi hutu mana. Ba su da iyaye ne?"

Khaulat ta gwada dabara. Ta ƙara tsawon jiran da ke tsakanin adireshi da adireshi, ɗigo suka ragu. Malam ya ce lallai sakaci ya yi, shi ya sa suke janyewa, ya ninka karatun. Yana yi yana tsayawa neman numfashi, ita tana riƙe da waya tana kallon gemunsa yana rawa. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji tausayi ba. Abin ya wuce nan, jikinta kawai ya yi sanyi.

Da hantsi ta hau zemijan, wato acaɓa, zuwa shago. Ta durƙusa ƙarƙashin tebur, ta danna maɓalli biyu, layukan da ke gudu a allo suka tsaya. Ta tashi ta kakkaɓe zane, ta karɓi wayar wata mata da ta faɗa ruwa, ta gyara.

Malam ya yi ta duba taswira, babu ɗigo ko ɗaya sai na Lome. Da farko ya ce ko wutarsu ce aka ɗauke, ya tambaya ko a Jamus ma ana yin haka. Daga baya ya daina tambaya, ya daina neman littafi. Ya kwanta kamar yadda likita ya so. Tarin ya lafa, jini ya tsaya, Meimuna ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta don godiya ga Allah. Tuwon ne dai yake komawa kicin kusan yadda aka kawo shi.

Wata Juma'a bayan la'asar Khaulat ta shiga kai masa magani. Yana kwance yana fuskantar bango, ta ɗauka barci yake.

"Khaulatu."

"Na'am, Baba."

"Sun ji ina tari a cikin karatun, ko?"

"Sun ji."

A waje wata mai tallan koko tana ta kira.

"Duk yawansu, ko mutum ɗaya bai aiko yana tambayar jikina ba?"

Layi ɗaya za ta rubuta su dawo gaba ɗaya, ta kuma san abin da zai biyo baya. Ta dubi ƙwayoyin da ke tafin hannunta.

"Babu, Baba," ta ce. "Tashi ka sha."