Baban Amarya Yana Gudu

Na ƙare ƙuruciyata ina auna jinin mutane a asibiti, sai ga nawa ya hau ina gab da hamsin. Likita ya ce, "Malam Ɗahiru, ka riƙa tattaki bayan sallar asuba." Na fara ina ƙunƙuni, don ni mutum ne mai son komawa gado. Ran nan, a daminar da soja suka miƙa mulki, ruwa ya tare ni wajen Daurawa, na ɗan ruga in fake. Ban fake ba. Ƙafafun nan da na ɗauka sun tsufa suka tuno kiwon awaki a ƙauyenmu, suka ƙi tsayawa. Na shigo unguwarmu Gyaɗi-Gyaɗi sharkaf, ina dariya ni kaɗai.

Da bara ne, wa ya isa? Ka fito a guje da duku-duku ka faɗa shingen soja, sai ka yi tsallen kwaɗo har rana ta fito. Yanzu an kwashe shingayen. Na riƙa ƙara nisa, in wuce Ƙauyen Alu, in bar kwalta, in faɗa burtali tsakanin gonaki.

A can ne gari yake sakina. Gero ya kai ƙugu, raɓa tana jiƙa mini ƙwauri, balbelu suna tashi daga bayan shanu a hankali kamar ba su gama barci ba. Akwai inda numfashi ke daidaita, in daina jin ƙafafuna, in ga kamar ni ke tsaye ƙasa ce ke wucewa. Wani lokaci har nakan ji muryar innata, Allah ya jiƙanta, tana kirana daga nesa in kaɗo awaki. Jinina ya daɗe da sauka, amma ban gaya wa kowa ba, kuma ban daina fita ba.

Ana haka Shamsuddeen, wani ɗalibin likitanci mai kunya, ya turo magabatansa neman auren 'yata Mufida. Tana sonsa, ko sunansa aka ambata sai ta nemi abin sharewa. Danginsa suka shigo unguwa bincike kamar yadda aka saba. Suka tambayi liman, ya yabe ni. Suka tambayi mai shayin bakin layinmu, mutumin da bakinsa ba ya hutawa.

"Mutumin kirki ne," in ji shi. "Sai dai kullum da asuba yana fita a guje, ba mai korarsa, har cikin daji. Ya dawo yana murmushi shi kaɗai."

Shi ke nan. Dattijo mai furfura ya yi gudu ba gobara ba ɓarawo, ai ko taɓin hankali ko iskokai, kuma an ce irin wannan yana bin jini. Maganar aure ta tsaya cak.

Matata Jummai ta sa ni gaba. "Malam, duk garin nan ka ga sa'anka yana sheƙa gudu da gajeren wando? Don girman Allah ka rufa wa yarinyar nan asiri."

"Wandona ya wuce gwiwa," na ce. Haushi ya ishe ni, amma na san tana da gaskiya. Mufida kuwa abinci kawai ta rage ci, kuma wannan ya fi mini zafi.

Na daina fita. In na dawo masallaci sai in zauna a soro, ƙafafuna suna ta motsi su kaɗai. In na lumshe ido sai in ga burtalin, geron ya fara fitar da kai ba ni nan.

Wata la'asar kawun yaron, Alhaji Rabi'u, ya zo da sunan gaisuwa. Ya zauna yana kallon idanuna, yana jira ya ga sun juye. Da aka gama zagaye-zagaye ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Me kake nema a dajin nan?"

Wallahi saura ƙiris in ba shi labarin balbelu da muryar innata. Allah ya taimake ni na haɗiye.

"Hawan jini ne, Alhaji. Likita ya sa ni, ya ce kada in kuskura in daina."

Nan take fuskarsa ta saki. "Ashe larura ce! Subhanallahi, mun ɗauki alhakinka. Sannu, sannu." Ya tashi da farin ciki, ya samu suruki marar lafiya maimakon mahaukaci.

Kafin mako aka sa rana. Labari kuma ya yi ta ƙiba a bakin mutane, har aka ce in na tsaya kwana ɗaya zuciyata za ta buga. Na koma guduna. Yanzu in na wuce, 'yan acaɓa su kauce, mai shayi ya ɗaga hannu ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ni kuma in ɗan langaɓe har in sha kwana.

Ranar da za a kai amarya aka kawo mini Mufida in yi mata nasiha. Ta durƙusa cikin mayafi tana kuka, ba irin kukan amare ba. Da matan suka ba mu wuri ta kama ƙafata.

"Baba, kowa ya sani ban da ni. In ciwon ya kai haka, ni na fasa tafiya."

Na sunkuya daidai kunnenta, na yi ƙasa da murya.

"Mufida, tun da aka haife ni ban taɓa jin lafiya irin ta bana ba. Amma kada ki gaya wa dangin mijinki."