Irin Waken Kaltume

Kaltume tana durƙushe a garkar bayan ɗakinta tana baza takin awaki, sai Fadima, matar ɗanta Basiru, ta leƙo ta kan danga da ludayi a hannu.

"Inna, gida cike da 'yan suna, ke kina nan kina hira da kashin awaki?"

"Su ba sa tambayata goro," in ji tsohuwar. "Dubi gabas. Ruwan nan ba zai kai jibi ba."

Fadima ba ta yi dariya ba. Ta sassauta murya. Dangin mijin Zulaihatu, jikar Kaltume da ta zo gida haihuwar fari, sun iso daga Tofa mota biyu, alhali ɗaya aka zata. Tuwo ya ƙare, shinkafar da ta rage ba ta da auki, mai shago kuma ya kulle ya tafi kasuwar Zakirai.

"Da za a samu wake a haɗa, da asiri ya rufu," in ji Fadima, idonta a ƙasa.

Wake ɗaya ne a gidan, su biyun sun sani. Yana cikin tulu ƙarƙashin gadon Kaltume, an cakuɗa shi da toka, an liƙe bakin da laka. Jan wake ne mai nuna da wuri, tun gero bai fid da kai ba. Mahaifiyarta, marigayiya Asiya, ita ta ƙulla mata irin a bakin zane ranar da aka kawo ta garin nan. Babu daminar da ta wuce ba ta shuka shi ba. Bara maƙwabciyarta Aina'u ta roƙi ko cikin tafi, Kaltume ta ce bai yi yawa ba. Haka take cewa kowa.

"Iri ne fa, Fadima."

"Na sani, Inna. To, me zan ce wa surukai?"

Daga tsakar gida wata ta rangaɗa guɗa. Da safen nan aka raɗa wa jaririyar suna Asiya.

Kaltume ta miƙe tana dafe gwiwa. Ita da kanta ta fasa lakar. Ta tsaya tana kallo Fadima ta sheƙe tokar a gindin turmi, ta wanke, ta juye a tukunya.

Baƙi suka ci suka yi santi.

"Wannan wake kamar an sa masa zuma!" in ji wata gwaggon mijin. "Hajiya, a sam mana iri mu tafi da shi."

"Kun ma tafi da shi," in ji Kaltume. Aka bushe da dariya.

Basiru ya durƙusa kusa da ita. "Ki yi haƙuri, Inna. Ran kasuwa zan sayo miki na zamani, ya fi yabanya."

Ta ce Allah ya yi albarka. Kwanon da aka ajiye mata, ko murfinsa ba ta ɗaga ba.

Bayan la'asar, motocin ba su gama fita gari ba, ruwa ya sauko. Yara suka fita tsalle. Kaltume ta zauna a bakin ƙofa da jaririyar a cinya, tana jin ƙamshin ƙasa, tana kallon ramukan shukar da ta tona suna cika.

Washegari ta riga kaji fitowa. Ta tsuguna a gindin turmi tana tona jiƙaƙƙiyar toka da yatsa. 'Ya'yan waken da suka zube ba su rufe tafin hannunta ba, wasu ma ƙwaro ya huda. Ta hura su, ta raba biyu.

Ta ƙulla rabi a bakin zane. Sai ta taka zuwa dangar maƙwabta da ɗaya rabin a hannu.

"Aina'u! Kin tashi? Miƙo hannunki."