Faifan da Ya Fi Mai Shi Sauri

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina gyaran lema a bakin babbar kasuwar Shillong, garin da ruwa ba ya gajiya da sauka. A aji huɗu na bar makaranta. Malaminmu ya ce hankalina kullum yana bayan taga, kuma bai yi mini ƙarya ba. Tun ina yaro abin da ya karkace shi ke jan idona: agogon da ke tafiya da baya, kwalba mai baki biyu, cokalin da aka manta ba a yi masa rami ba. Duk suna nan a ƙarƙashin gadona. Ina kuma da faifan garmaho ɗari huɗu da 'yan kai, yawanci na kiɗan rok, don a garinmu yaro kan iya jita kafin ya iya ɗaure takalmi.

Bakwai daga cikinsu iri ɗaya ne. Wani makaɗin ganga mai suna Hobarson Nongsiej ya yi shi a Kalkata shekara talatin da suka wuce, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiɗa a bayan wasu, a otal-otal da jiragen ruwa. Sunan faifan da Turanci yake, ma'anarsa mai hawan tudu da kaya. Babu wanda ya saya. Gidan rediyo bai taɓa sa shi ba. Ni kuwa ranar da na fara ji, abin da ya kama ni shi ne wannan mai hawan tudu gudu yake yi. Gangar tana zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, muryar mai waƙar siririya, ta saurayi, alhali hoton da ke bangon na dattijo ne mai furfura a gemu. Na shekara da shekaru ina tunanin me ya koro shi. Duk inda na ga faifan sai na ɗauko, don damina tana cin faifai, fumfuna na shiga layukansa, kuma ina tsoron ranar da zai ƙare a duniya ba wanda ya lura.

Kong Bilin, mai sayar da tsoffin littattafai da tarkace a ƙasan matakalar kasuwa, ita ke ajiye mini in ya faɗo hannunta. A wajenmu Kong ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Bah. Wata Laraba na je, ta tare ni da dariya, bakinta ja wur da goro.

"Bah Klen, ka makara. An riga ka."

"Wa zai riga ni? Ban da ni wa ke son sa?"

"Wani tsoho, ya girme ka nesa. Ya karɓa, ya dube shi gaba da baya, ya ɗora a gwiwa ya karya shi biyu a gabana. Ya ce in zuba a shara."

Ta ci gaba, tana dariyarta.

"Na ce masa, Bah, in fasawa kake so, akwai wani mahaukaci ɗan'uwanka a kan tudu mai guda bakwai. Na kwatanta masa gidan."

"Kong, me na yi miki?"

"Lemata da ka gyara bara tana yoyo har yanzu. Je ka, ku tsofaffin nan ku ƙarata."

Kwana uku ina jira. Na ɓoye faya-fayan a bayan buhun shinkafa, na fito da su saboda laima, na mayar ƙarƙashin katifa, na sake fitowa da su don kada su lanƙwashe. Gidan na Daphi ne, autata, tun da uwarta ta rasu, don a wajenmu auta mace ke gadon gida. Ɗaki ɗaya ta bar mini a baya, da taga mai kallon kwari. Tana ganina ina kai da kawowa ta ce, "Pa, in ɓarawo kake tsoro ka kwantar da hankalinka. Ko ka biya shi ba zai ɗauka ba."

Ran Asabar da azahar, ana yayyafi, na ji sanda tana hawowa matakala. Matakalarmu sittin da biyu ce. Ya daɗe. Da ya iso sai ya tsaya a bakin ƙofa yana haki, dogo, ya rame, kwat ɗinsa ta yi masa yawa. Gemun ya yi fari fat, amma shi ne na bangon faifan.

"Kai ne Klensing mai lema?"

Muryar ta ba ni mamaki. Kauri gare ta, tana fitowa daga can ƙasa kamar ana jan tebur a ɗaki na gaba.

"Ni ne, Bah Hobar. Shigo daga ruwan."

Daphi ta kawo goro da ganyen da ake tauna shi da shi, da jan shayi, ta gaishe shi, ta koma bakin ƙofar kicin inda za ta ji komai. Ya ce bara ya dawo gari. Matarsa ta rasu a Assam, shi ya sa ya tattaro ya komo gidan ƙanwarsa. Bai yi dogon zance ba.

"An ce bakwai gare ka. Ba ni su."

"Ka fasa?"

"In fasa. Ɗari uku aka buga. Na sami ɗari da tara da hannuna, damina ta taimake ni da sauran. Na gaji, Bah Klen. Gwiwata ba ta son matakala. Kada ka sa in sake hawowa."

Na ce masa ban taɓa jin kiɗa irin nasa ba, na ce mutane ne ba su da kunne. Na fara yi masa bayanin waƙa ta uku, inda gangar ke tsere kamar za ta bar sauran a baya. Ya ɗaga hannu.

"Sa shi."

Na ɗauko mafi tsafta, na goge da tsumma, na ɗora a inji. Injin tsoho ne, wani sojan da aka yi wa canjin wurin aiki ya bar mini, kuma shi kaɗai gare ni. Allura ta sauka. Ganga ta fara zuba. Bah Hobar ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Ko minti ɗaya bai yi ba ya jawo kujera, ya miƙa hannu, ya ɗora babban yatsansa a gefen farantin da ke juya faifan. Na kusa ƙwala ihu. Ya danna kaɗan, ya sassauta, ya sake dannawa, yana nema. Sai ya samu.

Mai hawan tudun ya daina gudu. Kowane bugu ya zauna da nauyinsa, kamar ƙafar mai ɗauke da kwandon gawayi, ya taka, ya huta, ya sake takawa. Tsakanin bugu da bugu akwai wani ɗan fili da ban taɓa sanin yana nan ba, kuma a cikin filin nan na ji numfashin mutum. Da waƙar ta shigo, muryar da ta yi mini sallama a bakin ƙofa ce. Daphi ta bar jikin ƙofa ta matso.

Waƙa ɗaya ya iya riƙewa. Hannunsa ya gaji, kiɗan ya yi tangaɗi, ya janye yatsan. Saurayin ya dawo da gudunsa. Na ɗage allurar da kaina.

"Waƙa tara na yi," in ji shi, yana murza yatsan. "Mutanen kamfanin suka ga ba za su shiga faifai ɗaya ba. Maimakon su cire guda, sai suka ƙara wa zaren da aka naɗi kiɗan a kai sauri. Ba wanda ya tambaye ni, ina cikin jirgi a teku. Da na dawo, abokan sana'ata na ce mini, Hobar, giya ka sha ko fitsari ya matse ka? Ni da aka yi shekara ashirin da biyar ana daidaita agogo da ƙafata."

"Amma ko a haka, Bah, yana da..."

"'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"Sunan wa suke amsawa?"

"Na uwarsu mana."

"Ni biyar. Haka su ma, kuma ban taɓa jin haushi ba, haka na tarar. Gida na mace, gona ta mace. Abu ɗaya tak a duniyar nan aka rubuta sunana a kai, shi ne kuma yake yi mini ƙarya. Ba zan mutu in bar shi yana yawo ba."

Gaskiyarsa ce. Amma na dubi faifan a kan inji, na san in ya fita da su yau, abin da na ji ɗazu ma ya tafi, don a cikin ƙaryar yake kwance, ba shi da wani mazauni. Shayina ya huce. Ina kallon injin ne kawai, yadda nake kallon lemar da aka ce ba ta gyaruwa.

Na tashi na cire farantin. A ƙarƙashinsa akwai wani ɗan ƙarfen tagulla, bai fi tsinken ashana tsawo ba, shi ke juyawa ya ja robar da ke juya farantin. In ya rage kauri, farantin zai rage sauri. Na buɗe akwatin aikina na yago samfefa mai laushi.

"Pa, me za ka yi?" in ji Daphi.

"Zan sa masa yatsan da ba ya gajiya."

"In ka goge ƙarfen nan ba ya dawowa fa. Sauran ɗari huɗun da ka cika mana gida da su, da me za ka ji su? An daina yin irin injin nan tun ina goye."

"Na sani."

Bah Hobar ya ce, "Yarinyar ta fi ka hankali."

"Kowa ya fi ni. Kai dai ka zauna ka ce mini ya isa."

Na kunna injin, na matse ɗan ƙarfen da samfefa yana juyawa a tsakanin yatsuna. Garin tagulla ya zubo kamar kurkum. Na busa, na mayar da roba da faranti, na sa allura. Ya rufe ido, yana buga gwiwarsa da tafin hannu a kan nasa lokacin, ba na faifan ba. Biyun suka yi ta saɓawa.

"Da saura."

Na sake cirewa, na sake gogewa. Sau biyar muka yi haka. Bayana ya ƙage, idona yana ruwa. A karo na huɗu ya ce, "Kai, a hankali, ba tukunya kake kankarewa ba," na gane ya fara jin tsoron kada in wuce. A na biyar sau uku kawai na bar ƙarfen ya shafi samfefar. Allura ta sauka. Tafinsa ya faɗi a gwiwa, gangar ta faɗi tare da shi. Ya sake, suka sake haɗuwa. Bai ce ya isa ba. Ya dai daina bugawa, ya jingina da bango.

Muka ji gefen farko har ƙarshe, na juya, muka ji na biyu. Ruwan ya yi ƙarfi a kan kwano ya kuma tsagaita. A waƙa ta takwas ya ce, "Nan na yi kuskure, ka ji? Hannun hagu ya makara." Ya yi ɗan murmushi. "Wannan kam nawa ne."

Da aka gama ya miƙe da ƙyar, ya ce in kawo shidan. Na kawo. Hannuna bai so saki ba, sai da ya ja. Ya cusa su cikin kwat ɗinsa, ya nuna wanda ke kan inji da sanda.

"Wannan ya zauna, tunda a ɗakin nan gaskiya yake faɗa. Ba ya fita, ba a ara wa kowa. Ranar da injin ya mutu, ko kai ka riga shi, a fasa." Ya juya wajen Daphi. "Kong, gidanki ne. Ke na ba wa amana, ba wannan ba."

"Na karɓa, Bah," in ji ta.

Na raka shi da lema har ƙasan matakala. A can, gefen kwata, ya tsaya ya karya su ɗaya bayan ɗaya. Na huɗun ya ƙi karyuwa, ƙarfinsa ya ƙare, sai ya miƙo mini. Ni na ƙarasa masa.

Da na hau, na zauna na huta, sai na zaro wani faifai da nake so tun ina saurayi, na wasu samari masu jita uku, na ɗora. Suka fito suna nishi kamar shanu a cikin taɓo. Na gwada wani, na wata mace mai zaƙin murya. Ta zama ƙato mai mura. Ban gwada na uku ba.

Daphi ta leƙo. "In kawo kwalaye mu kwashe su?"

"Kawo. Amma ba yau ba, bayana ba zai iya ba."

Sai ta shigo ta zauna a kujerar da ya tashi, ta ce in sa mata waƙa ta uku, ɗazu hankalinta ya tafi kan tukunya ba ta ji ta sosai ba.