Lemon Takawira

Takawira maƙaryaci ne, kuma mugu, domin da haƙƙin wani ya so ya yi ƙaryarsa. Ni ne kukun motar da yake yi wa jagora, don haka ba ji na yi ba.

Mu ashirin da ɗaya muka taso daga Harare a babbar motar yawon daji: baƙi goma sha takwas, direbanmu Sekuru Gwatidzo, ni, da shi. Kwana uku muna cikin kwarin Zambezi, ban da barewa da kunnuwan dorina ba abin da muka gani. Baƙin suka fara kumbura. Wani Bature, Mista Holger, mai kyamara kamar taɓarya, ya ce shi giwa ya zo gani, ba kashinta ba.

Sai Takawira ya gyara hula ya ce kakansa mai kiran giwa ne, kuma ya gaji sirrin. Kakan nan na san shi. Faci yake yi wa tayar keke.

Da hantsi ya zagaya bayan mota, ya dawo, ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito. Ba a jima ba wani toron giwa ya ɓullo daga cikin itatuwan gawo, ya nufo mu kai tsaye, yana tsintar wani abu a ciyawa. Baƙi suka rikice da ɗaukar hoto. Wata har da hawaye.

Sekuru Gwatidzo ya matso kusa da ni ya ce, "Mukoma," wato ɗan'uwa a yarenmu, "tun yaushe giwa ta fara amsa fito kamar karen gida?"

Da na je ɗauko garin sadza, tuwonmu na masara, a akwatin abincina, na gane. A ƙarƙashin buhun albasa ga rabin buhun lemo. Kowa a aikinmu ya san ba a shiga dajin nan da lemo. A ƙofar dajin ake tambaya, kuku ne yake sa hannu cewa babu. Giwa tana jin ƙanshinsa daga nesa, in kuma ta ɗanɗana, mota ma ɓarewa za ta yi ta nema. Hannuna ne a takardar. Da an kama, ni za a hana shiga daji, ina da shekara hamsin da uku, ban iya komai ba sai girki a gefen taya.

Na same shi yana wanke hannu. Na ce, "Takawira, wane ne ya sa lemo a akwatina?"

"Haba mudhara," wato tsoho, "akwatinka ne, ni za ka tambaya?"

"Kwashe shi yanzu."

Ya yi dariya. "Tsoho, kai dai tuƙa tuwonka. Baƙi sun ji daɗi ko ba su ji ba? In an tambaya, ai ba ni na sa hannu ba."

Ban kai ƙara ba, domin maganata da tasa ce, shi kuwa da Turanci mai santsi. Ban kuma zubar ba, don zubar da shi a sansani haɗari ne ga kowa. Yana can yana ba baƙi tarihin kakansa, na ɗauki buhun na mayar wa mai kaya kayansa. A tantinsa na ajiye, ƙarƙashin jakarsa. Dama ya kafa tantin nesa da namu, wai numfashin kuku albasa ne. Na yi niyyar faɗa masa. Na manta, ko ban manta ba, Allah ne ya sani.

Bayan abincin rana ya shiga tanti ya miƙe. Toron ya dawo, ba wanda ya kira shi. Ya wuce motar, ya wuce tukwanena, ya tsaya kan tantin Takawira. Ya naɗe shi da hanci ya ɗaga sama, kamar mace ta buɗe kwano. Ga jikan mai kiran giwa kwance da gajeren wando, lemo yana gangarowa ta kowane gefe.

Muka kora baƙi cikin mota. Sekuru Gwatidzo ya leƙa ta taga ya ɗaga murya: "Yi masa fito mana, ɗan gado! Ce masa ya koma!"

Takawira bai yi fito ba. Da rarrafe ya shige ƙarƙashin mota, yana kiran uwarsa. Toron ya cinye lemon ɗaya bayan ɗaya, ya taka jakar, ya tafi abinsa. Mista Holger ya samu hoton da ya zo nema.

Masu gadin daji suka iso, shugabarsu wata Amai Chiweshe, mace marar wasa. Takawira ya fito yana kaɗe ƙasa, ya nuna ni ya ce kayan kuku ne. Ta dubi akwatina, ta dubi ɓawon lemo a inda tantinsa yake, da wanda ya leƙo daga aljihun rigarsa da ke yashe a wurin, ta ce, "To kukun ne ya zuba maka ɓawo a aljihun riga?"

A nan take ta karɓe takardarsa ta jagora. An hana shi shiga dajin har abada, kamfani ya kore shi. A bayan motar kifi ya koma Harare.