Wankakkun Duwatsu

Aikina leƙen duwatsu ne. Jirgin kamfaninmu yakan zura na'ura can ƙasan teku, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, ta kwaso wasu baƙaƙen duwatsu masu kama da dankali. Ƙarfen da ke cikinsu kamfanin ke son haƙa. Ni kuwa a ɗakin bincike nake sa su ƙarƙashin madubi mai ƙara girma, in duba ƙananan halittun da ke manne a jikinsu. In suna da yawa, hukuma za ta hana haƙa. In babu, a saki injuna.

Kayan da suka zo wannan karon ba su kwanta mini a rai ba. Dutse bayan dutse, fes, ko 'yar tsutsa babu. Bara, daga wannan wurin, sai da idona ya yi ja don ƙirga. A jikin wasu ma na ga ƙananan zane a jere, irin na gindin tukunyar da aka dirje.

Ga Manajan kamfanin ya tsiri leƙowa, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

"Dakta, ya aiki? Wurin nan fayau yake, ba wata halitta, ko?"

Ban gaya wa kowa abin da na gani ba tukuna. To shi a ina ya ji?

Abin da ya fi tsaya mini a rai, Yaya ne shugaban masu karɓar duwatsun a jirgi. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ya tsaya tsayin daka har na gama karatu. Na ji kunyar zarginsa, amma na zarge shi.

Ranar hutu na same shi a tsakar gida yana ɗaure wa ɗansa sarƙar keke.

"Yaya, duwatsun nan, wa ya taɓa su kafin a rufe a kwalba?"

Ya washe baki. "Kin ga aiki ko? Ni da yaran aikina ne. Da can da taɓonsu muke zubawa. Sai Manaja ya ja ni gefe, ya ce ana yi miki dariya a ofis, wai yayan Dakta ƙazami ne. Har burushi sababbi ya kawo mana. Na ce wa yara duk wanda ya bar ɗigon taɓo, ni da shi."

"Wa ke wurin da ya faɗa maka?"

"Mu biyu ne. Lafiya, Auta?"

Na zauna a bakin baranda na yi masa bayani. Na ce abin da suka kankare ba datti ba ne, shi ne abin da nake nema. Murmushin ya tafi a hankali. Ya ajiye sifanar da yake gyaran keken da ita, ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"In kin yi shiru fa?"

"Injuna su shiga, su share wurin gaba ɗaya."

"In kin faɗa wa hukuma, za su tambayi wanda ya wanke."

"Za su tambaya."

"Shi kuwa Manaja ko dutse ɗaya bai wanke ba."

Haushi da tausayi suka kama ni, don na san aikinsa ya tafi ke nan, ga iyali.

Ya goge man keke a jikin wandonsa.

"Je ki faɗa musu. Amma kada ki ce don ke na yi, Auta. Sai su haɗa da ke a laifin."