Mutum Nawa Ne Jama'a?

Manniru ba mutum ne mai son gardama ba. A Kasuwar Bodija ta Ibadan, inda yake sayar da albasa, in mai saye ya tsaya ja-in-ja sai ya yi murmushi, ya ƙara masa gyara, ya sallame shi. Shi ya sa abokansa suka yi mamaki ranar da ya kafe a shagon Abdulfatah a kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba: wai shin wasan da suke bugawa a waya ya isa a kira shi wasan jama'a, ko bai isa ba.

Shagon yana bakin Sabo, unguwar Hausawa, ta wajen Mokola. Gyaran waya Abdulfatah yake yi. Uwarsa Bayarabiya ce, dangin uwa Fatai suke ce masa, kuma da harshe uku yake yin faɗa in ransa ya ɓaci. A ƙarƙashin teburinsa akwai wata tsohuwar kwamfuta da ba a kashe ta, fankarta tana kuka kamar keken ɗinki, kuma a cikinta Tsibiri yake zaune. Haka suka raɗa wa wasan. Mutum zai buɗe waya ya tsinci kansa a bakin teku ba riga ba takalmi, ya sari itace, ya kama kifi, ya kafa bukka, ya hura wuta don kada kuraye su ziyarce shi. In ya yi sakaci yunwa ta kashe shi, ya sake farawa daga tsirara. Masu shiga ba su kai arba'in ba, kusan duk 'yan Sabo ne, sai 'yan uwansu da neman abinci ya watsa Agege da Kano da Abuja.

Abin da abokan ba su sani ba shi ne cikin mazauna Tsibiri akwai matar Manniru. Saude 'yar garin Kura ce ta jihar Kano, can ya gan ta wajen sarin albasa. Lokacin da cikinta ya tsufa, zaman ɗaki ya ishe ta, ya saka mata wasan a waya, ta shiga da suna Mai Rumbu. Tare suka kafa bukka a bakin wani rafi. Da haihuwa ta matso ta tafi gidan iyayenta, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Yaron ya zo, ya koma tun kafin ranar suna. Manniru ya isa Kura bayan an kai shi makwancinsa. Ya zauna kusa da ita ya rasa abin faɗa, sai ya ce Allah zai kawo wani, ga kuma mota an yi mata lodi tana jiransa, ya bi kayansa ya dawo Ibadan. Ita kuwa ba ta dawo ba. Ba saki, ba faɗa. In ya kira, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, lafiya lau, sai shiru, sai ta miƙa wa mahaifiyarta wayar.

Amma tana shiga Tsibiri. Da hantsi take zuwa, lokacin da ta san kasuwa ta riƙe shi. Shi kuma bayan la'asar zai shiga ya tarar da wuta tana ci, an gyara danga, an bar masa kifi a rumbu. Sai ya saro itace ya jibge mata a bakin ƙofa ya fita. Babu wanda ya taɓa rubuta wa ɗan uwansa ko kalma. Wannan wutar ita kaɗai ce ke gaya masa cewa har yanzu yana da mata, kuma yana tsoron ranar da zai rasa ta. To amma wane namiji ne zai ɗauki irin wannan magana ya kai shagon gyaran waya?

Abdulfatah ne ya tayar da zancen. Ya shiga wani zauren 'yan wasa na Ibadan a waya, masu buga manyan wasannin nan da ake kira MMO, ya saka hoton Tsibiri yana alfahari. Suka yi masa dariya.

"Kun san abin da wani ya rubuta?" in ji shi, yana hura allon wata waya. "Wai dis wan na famili mitin. Taron dangi! Ni Fatai, da nake kwana ina lallashin kwamfutar nan. Kuma da na zauna na duba, gaskiya suka faɗa. MMO fa dubban mutane ne a duniya ɗaya. Ka shiga ka ga kasuwa, ka ga yaƙi, ka ga mutumin da ba za ka sake gani ba har abada. Mu nan kowa ya san kakar kowa. Oya, mu rufe wannan mu koma babba."

Hanzala direban tirela, wanda ya miƙe ƙafa a kan benci yana ɓare gyaɗa, ya ce shi dama ya gaji da kuraye uku da suka san fuskarsa.

Manniru ya gyara zama.

"Ni ban yarda ba," ya ce. "Namu ma wasan jama'a ne."

"Jama'ar ina, Alaji?" in ji Abdulfatah.

"Tsaya ka ji. Kana barci, Tsibiri yana nan yana tafiya. Wani ya sare bishiya, ka zo ka tarar babu ita. Hanzala ya manta bai rufe shinge ba, kura ta cinye awakin mutum biyar. Abin da ɗaya ya yi yana shafar kowa, ko yana nan ko ba ya nan. Ai shi ne zaman jama'a. Yawan kai ba shi ne ba."

"Yawan kai shi ne mana. Harafin farko na MMO ɗin ma yawa yake nufi. Yawa na fitar hankali. Shebi, ba kai ɗan kasuwa ba ne? Za ka kira tebur uku a bakin titi Bodija?"

"A Bodijar ma da mutum nawa nake hulɗa? Dubbai suna wucewa, amma wanda zai tambaye ni in ban fito ba bai fi biyar ba. Sauran ƙura kawai suke tayarwa."

"To ƙurar muke so, jare," in ji Hanzala, yana ƙarasawa da Yarabanci, aka yi dariya.

Manniru bai yi dariya ba. Ya kawo misalin Sabo: unguwa ce a cikin Ibadan, amma tana da sarkinta da masallacinta da mahautanta, wa zai ce ba gari ba ce? Abdulfatah ya ce madalla, Tsibiri Sabo ne, shi kuma Legas yake son gani. Manniru ya ce a babban wasan ma rarraba mutane ake yi ɗaki-ɗaki, ba ka ganin dubu a lokaci guda. Abdulfatah ya ce ko da haka ne, ƙofar a buɗe take, kowa na iya faɗowa. Suka yi ta yi. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya a kan buhun albasa ba, yau ga shi yana nuna yatsa a kan ma'anar harafin Turanci.

Ana cikin haka Malam Idi ya shigo karɓar wayarsa. Dattijo ne mai karantar da manya littattafai a zaurensa bayan asuba, carbi a hannu, kuma wayar ce kawai take ba shi wahala a duniya. Manniru ya yi wuf ya tare shi.

"Allah gafarta Malam, mutum nawa ne jama'a?"

Malam ya dube shi ta saman tabarau. "Jama'ar me? In salla ce, mutum biyu sun yi jam'i. In Juma'a ce, a wajenmu sai sha biyu ban da liman."

"Kun ji ko," in ji Manniru. "Biyu."

"Ya ce sha biyu ma," in ji Abdulfatah. "Kowane abu da adadinsa ke nan. Malam, in kuma hajji ne fa?"

"Wai a kan me ake wannan fatawa?"

Da aka faɗa masa, Malam Idi ya karɓi wayarsa ya saka a aljihu a hankali. Ya ce shi bai karanta babin kuraye na cikin waya ba, kada a sa bakinsa. Ya yi musu sallama ya fita yana girgiza kai, da alamar dariya a gemunsa.

Daga nan aka daina kawo hujja, aka koma tambayar ra'ayi. Abdulfatah ya aika wa sauran 'yan Tsibiri, amsoshi suka fara shigowa tun suna zaune. Mafi yawa sun ce a koma babba. Wasu ma sun riga sun koma ba su faɗa ba. Abdulfatah ya ce kwamfutar ma ta gaji, zafinta ya ishe shi a ƙafa, ranar Juma'a zai kashe ta. Sannan ya dubi Manniru, ya sassauta murya.

"Mutumina, wai mene ne a bukkar nan taka? Zan taya ka gina wadda ta fi ta a can."

Nan ne ya kamata Manniru ya faɗa. Ya buɗe baki, ya ga Hanzala yana kallonsa da ɓawon gyaɗa a leɓe, ya ga wani yaro ya shigo da caja.

"Ba komai," ya ce. "Sabo da ita ne kawai."

Ya tafi gida ransa a jagule. Ya san Saude ba za ta shiga sabon wasan ba. Mace ce da ko kasuwar Oja Oba ba ta so saboda turereniya, ina ita ina duniyar da baƙi dubu za su yi ta rubuto mata shirme. Ya yi tunanin roƙon Abdulfatah a keɓe. Ya yi tunanin sayen kwamfutar ya ajiye a ɗakinsa, alhali bai san ko ta ina ake kunna ta ba. A ƙarshe ya ga abu ɗaya ne ya zama dole: kada ta zo ranar Asabar ta tarar ƙofa a rufe ba wanda ya gaya mata. An taɓa barinta haka sau ɗaya, kuma shi ne ya bar ta.

Washegari da hantsi kasuwa tana tsakiyar ci. An sauke sabon kaya, mata masu sari sun kewaye buhuna suna latsawa suna taya farashi da Yarabanci. Manniru ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa, ya zagaya bayan rumfa ya zauna a kan buhun da babu kowa kusa. Ya daɗe yana guje wa wannan lokaci. Ya buɗe wayar.

Tana nan. 'Yar siffarta mai kallabi shuɗi tana durƙushe a bakin rafi tana ɗibar ruwa. Da ya bayyana a ƙofar bukka ta tsaya cak. Shi ma ya tsaya. Ga wuta tana ci a tsakaninsu, ga itacen da ya jibge jiya ta shirya shi a gefe. Ya zaci za ta fita. Ba ta fita ba.

Ya rubuta sallama. Ta amsa. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa, yatsunsa suna warin albasa.

"Za a rufe Tsibiri ranar Juma'a. Na yi gardama, an fi ni yawa."

Siffarta ta ajiye tulun.

"Me ya sa?"

"Wai mun yi kaɗan. Wai ba jama'a ba ne mu."

"Da gaskiyarsu. Ni ban taɓa ganin kowa a nan ba sai itacenka."

A gaban rumfa wani yana kiran sunan Manniru, wata mata tana son buhu biyu. Bai waiwaya ba.

"Saude, na yi kuskure da na taho na bar ki. Ban san abin da zan ce ba ne. Har yanzu ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Ba magana nake so ba. So nake a zauna."

Ya karanta wannan ya sake karantawa. Sai ya matsa da siffarsa kusa da wutar ya zaunar da ita. Bayan ɗan lokaci ita ma ta zo ta zauna a ɗaya gefen. Suka zauna haka, shi a kan buhu a Bodija, ita a wani ɗaki a Kura, babu mai rubuta komai. Matar mai buhu biyu ta gaji ta saya a gaba. Hawaye ya zubo masa, ya bar shi, don a layin 'yan albasa babu mai tambayar mutum dalilin hawaye.

Can sai rubutu ya fito.

"In an rufe, ina za ka riƙa kai itacen?"

"Gidanku, in za a buɗe mini."

"Da lodi a bayanka?"

"Ba lodi. Ni kaɗai."

Siffar mai kallabi shuɗi ta tashi, ta ɗauki icce ɗaya ta ƙara a wutar.

"Ban taɓa nuna maka inda aka binne yaronmu ba," ta rubuta. "Ka zo mu je tare."